Wane ruwa ya dace da lagireton tsohuwar mota?

Mai 504, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum, jama'ar gida. Ina neman shawarar masana. Fijo 504 ce, haɗin kamfanin Fijo na PAN da ke nan Kakuri, injin fetur, lagiretonta na asali ne mai jan ƙarfe, ba a taɓa canza shi ba. Ruwan da ke ciki ya koma launin ƙasa saboda tsatsa. A kasuwa ga kore, ga ja, ga ruwan hoda, ga shuɗi, kowane mai shago yana cewa nasa ne ya dace. Wanne zan zuba, lita nawa, kuma yaya ake wanke ta kafin a zuba?

Bakanike, Panteka:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Da farko ka cire launi daga lissafi. Rini ne kamfani ke zubawa, babu dokar da ta ɗaure kore da wani sinadari ko ja da wani. Sai ka tarar da galan biyu duk kore amma abin da ke cikinsu ya sha bamban. Juya bayan galan ka karanta, can amsar take.

Kusan duk kulant na mota, wato wannan ruwan lagireto mai launi, tushensa ɗaya ne, etilin gilaikol. Inda suka rabu shi ne maganin tsatsar da aka haɗa a ciki. Na da, wanda ake rubuta wa IAT, silikat ne a cikinsa, wani har da fosfat da borat. Yana saurin lulluɓe ƙarfe, amma yana saurin ƙarewa, shekara 2 ko kilomita 40,000 sai a zubar. Na zamani, OAT, yana kai shekara 5, sai dai an tsara shi ne don injin alminiyam da lagireton alminiyam mai tankin roba. Akwai na tsakiya, HOAT, wanda ya ɗebo daga kowanne.

To ita 504 ɗinka, duba ƙarafan da ruwa ɗaya ke bi ta cikinsu: bulok na kas, tof silinda na alminiyam, lagireto na jan ƙarfe da tagulla da aka liƙe da dalma. OAT zalla ba ya saurin kare dalma da tagulla yadda na da ke yi, kuma wasu daga cikinsu suna da wani asid, 2-EHA, da ke laushe wasu tsofaffin gasket da roba. Nemi mai silikat: IAT, ko wanda aka rubuta wa lambar G11 ko G48 a jikin galan. In ka ga BS 6580 ko ASTM D3306 a jiki, ya cika ƙa'idar ƙananan motoci, amma wannan lambar kaɗai ba ta nuna irinsa ba, domin OAT ma yana ɗauke da ita.

Baba Mai Lagireto, Tudun Wada:
Ni ban goyi bayan zuba kulant a tsohuwar mota irin wannan ba. An yi abin nan ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa ya fasa bulok. Hunturunmu na Kaduna ko kusa da sifiri ba ya zuwa. Na biyu, ruwa zalla ya fi ɗaukar zafi. Na uku, motar da ta yi shekara da shekaru a kan ruwa, da an zuba mata kulant sai ta fara yoyo, ko ta watafam, ko ta gindin tiyo, ko ta bakin dalma. Ruwa mai tsabta, murfi mai kyau, fanka tana aiki, shi ke nan.

Injiniya, Barnawa:
Baba, maganarka ta biyu gaskiya ce, ba mai musu. Kilo ɗaya na ruwa yana shanye kilojul kusan 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, haɗin rabi da rabi kuwa wajen 3.5 ne. Ruwa ya fi. Amma hana daskarewa ɗaya ne cikin ayyuka uku, kuma sauran biyun su ne suka shafe mu.

Ga batun tafasa. Kaduna tana kan tudu kusan mita 600 daga teku, ruwa a buɗe yana tafasa a wajen digiri 98, ba 100 ba. Murfin lagireto mai matsin 0.9 bar yana ɗaga shi zuwa wajen 118. In haɗin rabi da rabi ne da wannan murfin, ya kai wajen 125. Wannan tazarar tana da amfani a watan Maris da Afrilu, a cunkoso, da AC a kunne. Allurar da ke gaban direba matsakaicin zafi take nunawa, alhali a cikin tof silinda, kusa da bawul ɗin hayaƙi, ƙarfen ya fi haka zafi nesa. Da ruwa ya tafasa a wannan lungu, tururi ya tsaya tsakanin ruwa da ƙarfe, wurin ya daina sanyaya. Daga nan tof ke lanƙwasa, gasket ya ƙone.

Babban aikin kuwa tsatsa ce. Duk inda aka haɗa ƙarfe iri biyu a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, lantarki yana gudana tsakaninsu, mai rauni shi ake cinyewa. A 504 alminiyam ɗin tof ne ke shan wahala, ramukan ruwan da ke fuskarsa su yi ta faɗaɗa har su ci zuwa bakin gasket. Ƙari a kan haka, injin 504 yana da sililif, wato bututun ƙarfen da fistin ke motsi a ciki, da ruwa ke zagaye kai tsaye, da abin liƙi a gindin kowanne. In tsatsa ta ci mazauninsu a bulok, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, kuma gyaran wannan sai an sauke inji.

Shi kuma yoyon da kake gani, Baba, ramin yana nan tun da. Tsatsa da laka ne suka toshe shi. Wanki ya ɗebe su, kulant kuma ya fi ruwa iya kurɗawa ta ƙaramar kafa, sannan yana barin tabo mai launi inda ya bushe. Ruwa zalla yana fita ya ƙafe a jikin inji mai zafi ba wanda ya gani, mai mota yana ta ƙari kowace safiya yana zaton haka mota take.

Baba Mai Lagireto, Tudun Wada:
Injiniya, na ji batun tsatsa, ba na ja. To amma ku gaya wa Alhaji gaskiya: kada ya kashe kuɗin kulant sai an gyara hanyar ruwan tukuna, in ba haka ba a ƙasa zai tsiyaye.

Lagireton da ruwansa ya yi launin ƙasa, rabin bututunsa a toshe suke. Gane shi ba wuya: a bar inji ya yi zafi, a kashe, a shafa tafin hannu a fuskar lagireto daga gefe zuwa gefe. Inda ya yi sanyi alhali gefensa da zafi, ruwa ba ya bi nan. Irin na jan ƙarfe alherinsa ke nan, ana narke dalma a cire tankin sama, a zura siririn ƙarfe a kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a mayar a liƙe. Bayan nan a toshe bakunansa, a hura iska kaɗan, a nutsar da shi a ruwa a ga ko kumfa za ta fito. In ƙananan fikafikan da ke tsakanin bututu sun ruɓe suna zuba da an taɓa, wanki ba zai yi ba, sai sabon ciki.

Ƙurar hunturu ma tana toshe shi ta waje. A wanke daga ɓangaren inji zuwa gaba, da ruwan tiyo mai sauƙi. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da fikafikan, iska ta daina ratsawa.

Sai tiyo. A matsa kowanne da hannu inji na sanyi. Wanda ya yi laushi, ko ya kumbura kusa da kilif, ko yake ƙara ƙaras-ƙaras a ciki, a canza. A leƙa ƙasan watafam, akwai ƙaramin rami, in da tabon ruwa a wurin, sil ɗinsa ya tafi. A duba ƙananan marufan ƙarfe da ke gefen bulok, su ma daga ciki suke ruɓewa. Robar murfi in ta tsage ko ta taurare, a sayi sabo mai lamba daidai da tsohon. Kada a ɗora wa tsohon lagireto murfi mai matsi fiye da nasa, dalma ce za ta buɗe.

Bakanike, Panteka:
Wannan haka yake, Baba. Alhaji, bayan an gama abin da Baba ya lissafa, ga wankin.

Inji na sanyi, a buɗe murfi, a kwance tiyon ƙasa, a tara ruwan a roba. A nemi notin zubar da ruwa a gefen bulok a kwance shi ma. Sau da yawa ba abin da zai fito saboda laka ta toshe, sai an tsokana da waya. A cire tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, na ɗan lokaci, a zura tiyon ruwa ta bakin sama a bar shi yana gudu har ruwan da ke fita ya yi fari. In motar na da hita kuma ba a yanke tiyonta ba, a wanke ta daban ta hanyar da ta saɓa wa yadda ruwa ke bi. A mayar da komai, a cika da ruwa da maganin wankin lagireto, a bar inji ya yi aiki gwargwadon mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar, a bari ya huce, a zubar. A ɗauraye sau biyu ko uku. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan da aka tace ta tururi za a yi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin awo. Ko an zubar, lita ɗaya ko biyu na ruwa suna maƙale a bulok da hita. In ka haɗa rabi da rabi a bokiti ka zuba, wanda ya rage a ciki zai tsinka shi. Don haka a fara zuba kulant mai kauri shi kaɗai gwargwadon lissafi, sannan a cike da ruwa. 504 tana cin kusan lita 8 gaba ɗaya, ke nan lita 4 na mai kauri in rabi da rabi ake so.

Kuma a karanta galan da kyau. Akwai mai kauri da ake sirkawa, akwai wanda aka riga aka sirka, za ka ga 50/50 a jiki. Wanda aka sirka ba a ƙara masa ruwa. In ka ƙara masa ruwa daidai yawansa, ya koma kashi 25 cikin 100, maganin tsatsar bai isa ba.

A zuba a hankali, a bar murfi a buɗe, hita a kan zafi, inji a sulo, a riƙa matsa tiyon sama iska na fita. Da tamostat ya buɗe za ka ga ruwa ya faɗa ƙasa kuma tiyon sama ya ɗau zafi, sai a cike a rufe. Washegari da safe a sake dubawa kafin a tayar.

Direban Kawo:
Oga, lita 4 kuɗi ne fa ga mai motar haya. Tunda ba ma ƙanƙara, ba za a iya rage shi ba?

Injiniya, Barnawa:
Za a iya, har ma yana da fa'ida. Rabi da rabi yana kare mota har digiri 37 ƙasa da sifiri, ba ma buƙatar wannan. Kashi 40 ya wadatar, kuma ya ɗan fi ɗaukar zafi. Iyakar ƙasa kashi ɗaya cikin uku ne, ƙasa da haka maganin tsatsa ya yi ƙaranci. A motar lita 8, lita 3 na mai kauri da lita 5 na ruwa sun ba ka kashi 37 da rabi, ya yi. Abin da ba ya aiki shi ne a tsiyaya lita ɗaya don ruwa ya yi launi.

Ɗaya ɓangaren ma kuskure ne. Masu zuba mai kauri zalla suna ganin sun kyautata wa mota, alhali gilaikol zalla kusan rabin zafin da ruwa ke ɗauka yake ɗauka, ga kauri da ke wahalar da watafam. Motar za ta fi zafi. Kada a wuce kashi 60.

Direban Kawo:
Ruwan sirkin fa? Fiya wata ya yi?

Injiniya, Barnawa:
Ya fi na rijiya da na kududdufin bakin gareji, amma yawancinsa ruwan burtsatse ne da aka tace, gishirin ƙasa yana nan a ciki. Farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke taruwa a cikin tof silinda da bututun lagireto, kuma siririnsa ma yana hana zafi ratsawa. Sinadarin kulorayid da ke cikin ruwa kuma yana huda alminiyam.

Wanda ya dace shi ne ruwan da aka tace ta tururi, irin wanda ake ƙara wa batir. A yi hattara sosai a nan: a kasuwa asid ɗin batir ma ruwan batir ake ce masa. A tabbatar wanda ba asid ba ne, a rufe da hatiminsa. Shagunan kayan ɗakin gwaji su ma suna sayarwa a jarka. In ba a samu ba, ruwan da ke ɗiga daga AC na ɗaki ba shi da gishiri, a tara a roba mai tsabta a tace da ƙyalle saboda ƙura.

Hajiya mai Camry, Malali:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Camry ce ta 1999, mai inji 2.2, otomatik. Ja ne a ciki, amma an ƙara mata kore da ruwa ya ragu. Yanzu launin ya dagule. Shi ma G11 ɗin zan saya?

Bakanike, Panteka:
A'a, Hajiya, taki daban ce. Kamfanonin Japan ba sa son silikat, suna ganin yana cin sil ɗin watafam, da fosfat suke aiki. Na Turai kuma fosfat suke gudu, domin yana haɗuwa da ruwa mai gishiri ya zama ɓawo, sai suka riƙe silikat. Shi ya sa abin da ya dace da Fijo da Marsandi da Golf bai zama lallai ya dace da Toyota da Honda ba.

Camry ɗinki da jan Toyota ta fito, Long Life Coolant, mai kauri ne ana sirkawa, a canza shi duk shekara 2. Mai ruwan hoda, Super Long Life, ya zo ne wajen 2004, a sirke yake zuwa, a sabuwar mota yana kai kilomita 160,000 karon farko, bayan nan 80,000. Honda nata shuɗi ne, Type 2, shi ma a sirke. Kada ki ce wa mai shago ya ba ki ja kawai, domin G12 na Volkswagen ma ja ne kuma ba fosfat a cikinsa. Ki nemi wanda aka rubuta na motocin Asiya ne, mai fosfat, babu silikat, ko mai lambar JIS K 2234.

Cakuɗar da aka yi miki ba za ta kashe inji yau ko gobe ba, amma magungunan biyu suna rage wa juna ƙarfi, wani lokaci silikat ya rabu ya zama dalala ya toshe ƙananan bututu. A zubar a wanke cikin 'yan kwanakin nan. Sannan a ja sandar man giya a duba. A otomatik, man giya yana bi ta wani bututu a cikin tankin lagireto na ƙasa don ya huce. In tsatsa ta huda shi, ruwa ya shiga giyabos, man ya koma ruwan hoda mai kauri, giyabos ya tafi. Tankin saman lagireton ma roba ne, in baƙinsa ya koma ruwan ƙasa ko ya yi ƙananan tsagu kusa da wuya, a canza kafin ya fashe a hanya.

Direban Kawo:
Golf 3 fa? Su ne suka fi yawa a tashar nan, su da Sharon.

Bakanike, Panteka:
Na farkon da G11 suka fito, shuɗi ko kore. A tsakiyar shekarun 1990 Volkswagen ta koma G12, ja. Waɗannan biyun ba a haɗa su, su ne suka fi yin laka. Daga G12+ zuwa sama an yi su ne yadda za su iya zama da na baya. Duba jikin robar ruwa, sau da yawa an rubuta G11 ko G12 a kai. In ba ka san abin da ke ciki ba, wanke ka zuba iri ɗaya. A Golf murfin matsi a kan robar yake, in ya daina riƙewa ruwa zai riƙa tafasa ko da komai lafiya. Bakin tiyon roba da ke gefen tof shi ma yana tsagewa da tsufa, can za a fara leƙawa in ruwa na raguwa.

Mai kayan gyara, Oriyapata:
Duk wannan bayani ba zai yi amfani ba in abin da ke cikin galan ruwa ne da rini, kuma akwai shi a kasuwa da yawa. Ga yadda ake gane shi.

Nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta haɗin rabi da rabi wajen kilo 1.07 ce, mai kauri kuwa wajen 1.12. Galan mai lita 4 na mai kauri zai kai kusan kilo 4 da rabi ban da nauyin robar. A ɗora a sikeli mai lamba. In ya tsaya a kilo 4, ruwa ne.

Sanyi. A ɗiba kaɗan a ƙaramar roba, a rufe sosai, a rubuta guba a jiki, a sa a firiza mai ƙanƙara ya kwana, nesa da abinci. Firiza tana kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Na jabu zai zama dutse, rabi da rabi na gaskiya ko motsi ba zai yi ba.

Wanda ya fi duka shi ne ɗan madubin awo da ake ɗiga wa ɗigo ɗaya a leƙa, yana nuna kashi nawa ne gilaikol. Duk garejin da ke aikin ruwa ya kamata ya mallake shi. Bayan haka, galan da ba a rubuta etilin gilaikol ba, ba lambar ƙa'ida, ba ranar yi, a ajiye shi. Farashin da ya yi kusa da na ruwan sha shi ma ya isa shaida.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Dosa:
Don Allah kada kowa ya ɗanɗana don gwaji, ana yin haka a gareji. Etilin gilaikol yana da zaƙi kuma guba ne, ƙoda yake kashewa. Kaɗan ya isa ya halaka yaro. Alamar farko kamar maye ce, sai mutum ya ga kamar ya warware, ƙodar kuwa tana lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya sha a kai shi asibiti nan take tare da galan ɗin, kada a jira, kada a sa shi amai. Kada a ajiye ragowa a robar lemo. Wanda aka zubar daga mota kuma kada a bar shi a buɗe ko a malalar a tsakar gida, awaki da kyanwa da kare suna lasa.

Baba Mai Lagireto, Tudun Wada:
Allah Ya saka da alheri, 'yata. Saura tamostat. Ni ra'ayina a tsohuwar mota a ƙasar zafi a cire shi. In ya maƙale a rufe a hanyar Abuja, inji ya tafi cikin mintuna.

Injiniya, Barnawa:
Haɗarin maƙalewa gaskiya ne, Baba, amma maganinsa sabon tamostat mai kyau, kuma a gwada shi kafin a ɗaura. A rataye shi a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi. Lambar da aka buga a jikinsa, 82 a yawancin tsofaffin Toyota, a nan zai fara buɗewa, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe sosai, in ya huce ya rufe ruf. Tsatsa da ɓawo ne ke sa shi maƙalewa, kulant mai kyau yana rage wannan.

In an cire shi, da safe da lokacin hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa. Mota mai kwamfuta za ta ɗauka har yanzu inji na sanyi, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda, zobba su ci, baƙin mai ya yi laka. Akwai kuma injunan da tamostat ɗinsu ke da faifai na biyu a gindi, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwa zai riƙa kewayawa ta nan bai je lagireto ba, motar ta yi zafi a doguwar tafiya. A Toyota, ɗan ramin iska da ke jikin faifan tamostat sama yake kallo in ana ɗaurawa.

Baba Mai Lagireto, Tudun Wada:
A mai kwamfuta na yarda. A mai kafireto irin 504 ina nan a kan bakana, sai in an samu tamostat na asali, domin na jabu ya fi rashinsa haɗari.

Bakaniken manyan motoci, Kakuri:
Masu tsofaffin dizal, tifa da tirela da manyan janareto, kada ku ɗauki na ƙananan motoci ku zuba. Sililif ɗin dizal yana girgiza duk bugun fistin, ƙananan kumfa su taso a jikinsa su fashe, a hankali su huda shi ta waje har ruwa ya shiga silinda. In an ciro shi za a ga ramuka a jere a gefe ɗaya. Maganinsa kulant na manyan injuna mai naitirait, mai lambar ASTM D6210. Wasu injunan, irin Cummins, suna da filtar ruwa da ke sakin maganin a hankali, a canza ta a kan lokaci, kada a toshe hanyarta.

Na kuma roƙi 'yan'uwa a daina zuba Omo da soda a lagireto. Kumfar ba ta fita duka, watafam ya riƙa juya iska, sodar kuma tana cin alminiyam. Ƙwai da garin taba da barkono da ake zubawa don toshe yoyo, bututun lagireto da na hita suke fara toshewa.

Mai 504, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Tambaya ta ƙarshe: in ruwa ya ragu a hanya kuma babu irin nawa a kusa, me zan ƙara?

Bakanike, Panteka:
Ruwa mai tsabta, Alhaji, ya fi ka zuba kulant ɗin da ba ka san irinsa ba. In ka dawo gida a auna a gyara haɗin. Mafi sauƙi, ka haɗa lita 2 a jarka mai murfi ka rubuta a jiki ka ajiye a but.

In allura ta hau, ka tsaya ka kashe, ka ba ta aƙalla minti 30. Sai tiyon sama ya yi laushi a hannu sannan ka ɗora tsumma mai kauri a murfi, ka murɗa zuwa tsayawar farko iska ta fita, kafin ka cire. Kada a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ciki ko waje, tof yana tsagewa. In za a ƙara, inji na sulo, a zuba kaɗan-kaɗan.

Ka rubuta ranar da aka zuba da kilomita a takarda ka liƙa a ƙarƙashin bonet, shekara 2 a canza ko da launin bai gushe ba, domin maganin tsatsa yana ƙarewa kafin rini. A motarka da ta daɗe da tsatsa, ka duba bayan wata 3. In ya sake yin launin ƙasa, tsohuwar laka ce ke tasowa daga bulok, a sake wanki. In kuwa ruwa na raguwa ba tabo a ko'ina, ka buɗe murfi da safe inji na sanyi, ka tayar, ka leƙa wuyan lagireto. Kumfa tana tasowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu kafin inji ya yi zafi, hayaƙi ne ke shiga ruwa ta gasket, sai a kawo ta a buɗe tof.